Rathaus: tambayoyi da amsoshi kan gidajen majalisar birni a manyan biranen Jamus

Duk wanda ya sauka a wani babban birnin Jamus ya tambayi hanyar tsakiyar gari, da wuya a gama yi masa kwatance ba a ambaci Rathaus ba. Ga tambayoyin da aka fi yi game da waɗannan gine-gine, musamman daga bakin ɗalibai da matafiya da suka gan su da ido ko a hoto.

Mene ne Rathaus ɗin ma tukuna?

Kalmomi biyu ne na Jamusanci aka haɗa: Rat, wato shawara ko majalisa, da Haus, wato gida. Gidan shawara ke nan. A nan magajin gari yake da ofis, a nan majalisar birni take zama. A garin da mutanensa suka haura dubu 100, wanda Jamusawa ke lissafawa a matsayin babban birni, galibi ana ce wa shugaban Oberbürgermeister, babban magajin gari. Birane uku kuwa, Balin da Hamburg da Bremen, kowannensu jiha ce mai zaman kanta cikin jihohi 16 na ƙasar. A can Rathaus fadar gwamnatin jiha ce, magajin garin kuma daidai yake da shugaban gwamnatin kowace jiha.

Me ya sa kusan kullum a bakin kasuwa yake?

Domin 'yan kasuwa ne suka kafa shi. A ƙarni na 12 da na 13 attajiran birane suka fara ƙwatar ikon tafiyar da harkokinsu daga hannun bishop-bishop da sarakunan da suka mallaki ƙasar. Abin da ya dame su shi ne haraji, awo, sikeli, bashi da shari'ar ciniki, duk kuwa a kasuwa waɗannan suke. Shi ya sa tsohon fasalin ginin ya zama hawa biyu: ƙasa rumfa ce mai ginshiƙai inda ake kasa haja, sama kuma babban zaure guda inda ake shawara, a yanke hukunci, a yi liyafa.

Wanda ya saba da tsoffin biranenmu, inda fada da masallacin Juma'a suke riƙe da tsakiyar gari, zai ga kama, amma ya lura da bambancin. Mai gidan nan ba sarki ba ne. Sau da yawa ma don a nuna wa sarki ko bishop iyakarsa aka yi ginin. A Bremen akwai mutum-mutumin wani jarumi mai suna Roland, riƙe da takobi, wanda aka kafa a 1404 a gaban gidan majalisar. Tsayinsa ya haura mita biyar, kuma fuskarsa tana kallon babbar majami'ar garin, inda kujerar babban bishop take. Ba haka kawai aka juya shi can ba.

Wanne ya fi tsufa?

In ana maganar takarda, na Kolon ne, domin tun wajen tsakiyar ƙarni na 12 aka ambaci gidan 'yan gari a wurin da yake yanzu. Babban zaurensa na wajen 1330 ne. Hasumiyarsa mai tsayin mita 61 an gina ta daga 1407 zuwa 1414, bayan ƙungiyoyin masu sana'a sun ture tsoffin gidajen attajirai daga mulki a 1396. Shirayin da ke ƙofar shiga, mai hawa biyu da ginshiƙai irin na Italiya, an yi shi daga 1569 zuwa 1573. Sai dai Yaƙin Duniya na Biyu ya rushe mafi yawan ginin, abin da ake gani yau akasarinsa sake ginawa aka yi.

In kuwa ana maganar wanda ya tsaya da ƙafafunsa tun asali, a je Bremen. An gina shi daga 1405 zuwa 1410 da jan tubali, sannan daga 1608 zuwa 1612 magini Lüder von Bentheim ya yi masa sabuwar fuska ta wajen kasuwa, da sassaƙen dutse cunkus da manyan tagogi. Bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu sun cinye fiye da rabin Bremen amma suka bar shi. A 2004 UNESCO ta sa shi, tare da Roland, cikin jerin kayan tarihin duniya. A zauren sama, in ka ɗaga kai, za ka ga ƙananan jiragen ruwa na katako, da 'yan igwoyinsu, suna rataye daga rufi. Garin fatake ne na teku, ba su ɓoye ba.

Na Munich fa? Kamar ya shekara ɗari bakwai.

Nan ne ido yake yaudarar baƙo. Ginin da ke dandalin Marienplatz, mai tsinin hasumiyoyi da gumaka a kowane lungu, an fara shi a 1867 aka gama a 1909. Lokacin da aka sa dutsen ƙarshe, akwai tarho da wutar lantarki a garin. Wanda ya zana shi, Georg Hauberrisser, yana da shekara 25 kacal lokacin da aka ba shi aikin. Sunansa ma Sabon Rathaus. Tsohon yana gefe guda na dandalin, fari, ba shi da yawan ado, na ƙarni na 15, mutane da yawa suna wuce shi ba su waiga ba.

Dalilin wannan kwaikwayon tsohon yayi shi ne yadda birane suka kumbura a ƙarni na 19. Munich ta tashi daga mutum kamar dubu 100 a tsakiyar ƙarnin zuwa kusan dubu 500 a 1900. Ga ruwan famfo, ga magudanan ƙazanta, ga makarantu, ga tarago, kowanne yana bukatar ma'aikata da ofisoshi. Tsohon zaure guda ya yi kaɗan. Da aka tashi yin sabo, sai shugabannin gari suka waiwayi zamanin da birane ke cin gashin kansu, suka ari tufafinsa suka sa wa ginin ofis. Waɗansu suka zaɓi salon Gotik mai tsini da bakan ƙofa mai kaifi, kamar Munich. Waɗansu suka zaɓi salon farfaɗowar Italiya mai daidaito, kamar Hamburg. A ciki kuwa dogayen hanyoyi ne da ɗakunan magatakarda.

A ganina na Munich ya cika ado har ya yi yawa, kamar amaryar da aka ɗora wa duk gwalagwalan dangi. Amma kullum da ƙarfe 11 da ƙarfe 12 na rana, da kuma ƙarfe 5 na yamma daga Maris zuwa Oktoba, dandalin yana cika da masu ɗaga waya sama. A jikin hasumiyar mai mita 85 akwai ƙararrawa 43 da 'yan tsana 32. A hawan sama ana nuna bikin auren Wilhelm na Biyar, mai mulkin Bavariya, da aka yi a 1568: mahaya biyu su zaburo da masu, kuma kullum na Bavariya ne yake kayar da abokin karawarsa. A hawan ƙasa masu yin ganga na katako suke rawa.

Me ya sa kowanne sai da hasumiya?

Da can aiki take yi. A samanta mai gadi yake zama yana duban gobara, ƙararrawarta ke kiran taro, agogonta ke gaya wa kasuwa lokaci, a cikinta ake ɓoye takardun 'yancin gari. Daga baya ta koma gasa. Leipzig ta fi kowa: mita 114 da ɗoriya, a kan ginin da Hugo Licht ya yi daga 1899 zuwa 1905, a inda wata tsohuwar ganuwar sarakuna take. Ta Hamburg mita 112 ce, ta Dresden kimanin 100. Hannover kuwa kubba ta ɗora, mai kusan mita 98.

Ana cewa na Hamburg ya fi wata fadar sarauta ɗakuna. Gaskiya ne?

Ɗakuna 647 gare shi, kuma labarinsa ya fi adadin daɗi. A watan Mayun 1842 gobara ta tashi a Hamburg ta kwana uku tana ci. Don a datse mata hanya, hukuma ta sa aka fasa tsohon gidan majalisa da albarushi. Wutar ba ta tsaya ba, garin kuma ya wayi gari ba shi da Rathaus. Shekara 44 aka yi ana gasa ana gardama, majalisa tana zaman aro, kafin a fara gini a 1886 ƙarƙashin gungun masu zane da Martin Haller ya jagoranta. An buɗe a 1897. Wurin fadama ne a gefen ruwan Alster, sai da aka kafa turakun itace kusan 4,000 a cikin laka kafin a ɗora harsashi.

Ana cikin aikin, a 1892, kwalara ta ɓarke ta kashe mutum fiye da 8,000, saboda birnin yana shan ruwan kogin Elbe ba a tace ba. Da an shirya kafa gunkin allahn ciniki na Rumawa a tsakar gidan, sai aka fasa, aka sa na Hygieia, wadda tsoffin Girkawa suke dangantawa da lafiya da tsafta, a kan maɓuɓɓugar ruwa. Wannan maɓuɓɓuga tana nan, tsakanin gidan majalisa da ginin kasuwar hannun jari da yake manne da shi ta baya. Dubi maƙwabtakar: mulki da kuɗi, tsakar gida ɗaya.

A fuskar ginin akwai gumakan tsoffin sarakunan daular Jamus guda 20. Amma a jikin hasumiya, sama da kawunansu, aka sa siffofin halayen kirki na ɗan gari, irin su hikima da haɗin kai. Akwai kuma rubutun Latin a saman ƙofa, ma'anarsa: 'yancin da magabata suka samo, na baya su yi ƙoƙarin riƙe shi da mutunci. A ciki, ɓangare guda na majalisar dokoki ne, ɗaya na gwamnati. Ɗakin da gwamnatin take zama ba shi da taga ko ɗaya, haske daga rufin gilashi yake saukowa, wai don bin tsohuwar al'adar yin shawara a ƙarƙashin sararin sama. Bisa al'ada kuma magajin garin Hamburg ba ya sauka ya taryi baƙo a ƙofa, a saman matakala yake tsayawa baƙon ya hau ya same shi, komai girmansa. 

Na Balin, saboda kwaminisanci ake ce masa Ja?

A'a, saboda tubali ne. Hermann Friedrich Waesemann ya gina shi daga 1861 zuwa 1869 da jan tubali ƙonanne, tun kafin a yi mafarkin Jamus ta Gabas. Kewaye da jikinsa akwai allunan yumɓu gasasshe guda 36 da ke ba da tarihin birnin, kamar ɗamara. Yaƙi ya lalata shi, aka gyara daga 1951 zuwa 1956. Da aka raba garin sai ya faɗa ɓangaren gabas, shi ya sa mutane suke ruɗewa. Gwamnatin Balin ta Yamma ta koma gidan majalisar unguwar Schöneberg, kuma a gaban wannan ginin ne shugaban Amurka John F. Kennedy ya tsaya ranar 26 ga Yuni 1963 ya ce shi ɗan Balin ne. Tun 1991 magajin garin haɗaɗɗiyar Balin ya dawo jan ginin.

To abin da muke gani yau, nawa ne na asali?

Ya danganta da garin, kuma a nan ake gane halin kowane gari. Bayan 1945 an bi hanya uku. Waɗansu suka maido da ginin yadda yake. Münster ta yi haka: an cire allunan katakon zauren sulhu an ɓoye tun kafin bam ya faɗa, wato zauren da aka rantse kan wani ɓangare na sulhun 1648 da ya kawo ƙarshen yaƙe-yaƙen da suka ɗaiɗaita Turai. Da aka sake gina bango sai aka mayar da su. Augsburg ma ta maido da Zauren Zinariya na ginin da Elias Holl ya yi daga 1615 zuwa 1624, amma sai a 1985, lokacin bikin cikar garin shekara 2,000, aka buɗe shi da adonsa.

Waɗansu suka riƙe fuska suka sabunta ciki. Römer na Frankfurt ke nan. Shi dama ba a gina shi don majalisa ba, gidajen attajirai ne birnin ya saya a 1405 ya fasa bango ya haɗa su, shi ya sa yake da kawuna uku masu hawa-hawa kamar matakala. A Maris 1944 ya ƙone, aka sake buɗe shi a 1955. Hotunan sarakuna 52 da ke Zauren Sarakuna sun tsira domin an kwashe su tun da wuri.

Waɗansu kuwa suka ce abin da ya wuce ya wuce. Stuttgart ta yi sabuwar fuska miƙaƙƙiya mai tagogi a jere daga 1953 zuwa 1956, ba sassaƙe ba gunki.

Me ya sa wasu suke kama da akwatin kankare?

Bayan mulkin Nazi, masu zane da yawa sun ƙyamaci duk ginin da ke sa ɗan Adam ya ji shi ƙarami ne. Suka ce hukuma ta zama ofis mai haske, ba fada ba. Niyyar ta yi kyau, sakamakon ne bai zo ɗaya ba. Essen ta gina bene mai mita 106 a 1979, wanda in ba a gaya maka ba sai ka ce hedikwatar banki ce. Mainz ta ɗauko Arne Jacobsen daga Denmak ya zana mata nata a bakin kogin Rhein, aka gina shi a farkon shekarun 1970. Masana gini suna yabonsa, 'yan gari da yawa ba su taɓa sonsa ba, gyaransa kuma ya zama abin gardama na shekaru. Frankfurt ta gina wani katafaren ofishin kankare kusa da Römer a shekarun 1970, ta rushe shi daga 2010, ta gina 'yan gidaje masu siffar da a wurin, aka buɗe unguwar a 2018. Har yau ana musu ko wannan gyara ne ko wasan kwaikwayo.

Me ke ƙarƙashin ƙasa?

Galibi gidan abinci da giya, ana ce masa Ratskeller. Da majalisar gari ce take riƙe da cinikin giyar inabi, kuɗin shiga ne babba. Na Bremen yana aiki tun 1405, kuma akwai gangar da giyar cikinta ta 1653 ce. Musulmin da ya ga alamar ya san abin da zai tarar kafin ya sauka. A Nuremberg kuwa kurkuku ne a ƙasa, 'yan ɗakuna masu duhu da ɗakin azabtarwa, yau gidan tarihi ne.

Barandar da ake yawan gani a talabijin fa?

Da daga nan ake karanta wa jama'a doka. Yau 'yan ƙwallo suka gaje ta. Bayern Munich tana ɗaga kofi a barandar Marienplatz, Eintracht Frankfurt ta yi haka a ta Römer da ta ci kofin Europa a 2022. A garuruwan bakin Rhein kuma, ranar Alhamis ta bikin shagali da shigar ban dariya da ake kira Karneval, mata sukan yi wa gidan majalisa tsinke da ƙarfe 11 da minti 11, su karɓe mabuɗi daga magajin gari, su yanke wa maza laktaye da almakashi.

An ce akwai barkwanci a jikin gine-ginen?

Akwai, sai mai lura. A Leipzig an yi 'yan dodon koɗi na ƙarfe a kan mariƙin babbar ƙofa, mutanen gari kuma suna cewa saurin aikin gwamnati ake nunawa. Agogon ginin yana da rubutun Latin da ba wasa a ciki: mutuwa tabbas ce, sa'arta ce ba a sani ba. A Kolon, ƙarƙashin agogon hasumiya, akwai kan mutum na katako mai gemu da ake kira Platzjabbeck, duk awa sai ya wage baki ya zaro harshe. A Lübeck ƙofar tsohon ɗakin shari'a biyu ce, doguwa da gajera. Yadda ake ba da labarin, wanda aka wanke ta doguwa yake fita da hularsa a ka, wanda aka kama da laifi sai ya sunkuya.

Baƙo zai iya shiga? A nan ake rajistar zama?

Zauren shiga a buɗe yake a yawancinsu, ba a biya, sauran ɗakuna kuwa sai da ɗan jagora a lokutan da aka tsara. Zaman majalisa ma kowa na iya kallo daga kujerun 'yan kallo. Za ka yi ta cin karo da angwaye, domin tun 1876 auren da doka ta sani a Jamus shi ne wanda aka ɗaura a gaban jami'in rajista, ɗakin ɗaurin kuma sau da yawa a Rathaus yake. Rajistar adireshi, wadda sabon zuwa zai yi cikin mako biyu da samun masauki, a babban birni ba a ginin mai hasumiya ake yin ta ba. A nemi ofishin da ake kira Bürgeramt ko makamancinsa, a kama lokaci ta intanet.

In hanya ta bi da kai Stuttgart, ka gwada lif ɗin da ake kira Paternoster. Akwatuna ne na katako marasa ƙofa, a jere a sarƙa, suna hawa ta nan suna sauka ta can ba tsayawa. Kai za ka daidaita ƙafa ka faɗa ciki yana tafiya. Mai babbar riga ya tattare ta tukuna.

In guda ɗaya zan iya gani, wanne?

Don kyau, Bremen. Don fahimtar ƙasar, Hannover. An gina shi daga 1901 zuwa 1913 a kan turakun itace 6,026, a bakin wani ɗan tafki, da mak miliyan 10, kuɗin Jamus na wancan lokacin. Ranar buɗewa, shugaban hukumar birnin, Heinrich Tramm, ya shaida wa Sarki Wilhelm na Biyu cewa an biya duka kuɗi hannu, ba bashi. Lif ɗin da ke kai mutum saman kubba ba a miƙe yake tafiya ba, bin lanƙwasar kubbar yake yi, yana karkata har digiri 17, kana jin ƙasan yana sauya maka zama.

Kafin ka hau, ka tsaya a babban zauren ƙasa. Akwai tebura huɗu, kowanne ɗauke da ƙaramar siffar garin. Na farko Hannover ce a 1689, cikin ganuwa. Na biyu 1939, gidaje a cunkushe, lunguna kamar jijiyoyi. Na huɗu garin yau ne mai faffaɗan tituna. Na uku shi ne 1945: bangaye tsaye ba rufi, unguwa bayan unguwa, an yi su da toka-tokan fenti, har da tarin ɓaraguzai a kan titi. A gefe guda na teburin za ka hangi kubbar ginin da kake tsaye a ciki, tana nan ba ta faɗi ba.